Inda Takalmin Baffa Ya Nutse

Bayou Sarcelle, Louisiana
9 ga Mayu

Noemie 'yata,

Cikin jimami nake sanar da ke, da duk wanda abin ya shafa a ƙasar Holan, cewa takalmin ruwana na ƙafar hagu ya bar mu ranar Talata da hantsi, bayan shekara goma sha ɗaya yana aiki ba hutu. Laka ce ta kama shi. Na ja, ta ja, daga ƙarshe na tsira da safa. Ya bar ɗan'uwa guda, na dama, wanda yanzu yake zaune a bakin ƙofa ba ya magana da kowa. Ana karɓar gaisuwa da yamma.

In ban da wannan, lafiya muke. Gwiwar innarki Eula ta yi sauƙi, amma ta ce kar in faɗa miki don kar ki daina tambaya. Goggonki Zulma ta cika saba'in da shida. Likita ya hana ta gishiri, ita kuma ta hana shi shiga gidanta. Ƙaguwa ta yi yawa bana. Ya sanyi? Har yanzu burodi da cuku mutanen can suke kira abincin rana?

Na san za ki ce me ya hana ni kira a waya. A waya katse ni ake yi.

To, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ranar Alhamis wani jami'in gunduma ya zo ya shimfiɗa taswira a kan teburinmu na cin abinci. Kin san bana shekara biyu da buɗe ƙofar nan da aka yanka a ganuwar kogi, don Misisipi ya riƙa zubo laka cikin fadama ya mayar mana da ƙasar da teku yake cinyewa. Taswirar ta nuna yadda wurin zai zama nan da shekara goma. Kore ƙasa, shuɗi ruwa. Gabas duk ta yi kore shar. Tudu kuwa, inda iyayenmu suke kwance tare da mahaifinki Clovis, shuɗi ne. A ƙasan takardar akwai sunayen mutum biyar da suka yi aikin, na uku naki. Na ce wa jami'in, "Wannan 'yar wana ce, ni na koya mata ninƙaya." Ya ce ya taya ni murna.

Gunduma ta ce za ta kawo jirgi mai ƙugiya bayan Ranar Tsarkaka ta ɗaya ga Nuwamba, ranar da muke ziyarar kaburbura, ta kwashe kaburbura goma sha bakwai ɗin ta kai su maƙabartar gari, bayan gidan mai. Da yake sunana ne a takarda a matsayin mai kula da Tudu, ni zan sa hannu, kuma kafin sha biyar ga Agusta. In ban sa ba, sun fita, ya rage mu da teku.

Na kai wa Zulma labari tana gyaran kuɓewa. Ko kai ba ta ɗaga ba.

"Bayan gidan mai?" ta ce. "Alcee bai taɓa mallakar mota ba yana da rai, sai da ya mutu za a kai shi shaƙar fetur? Ni na ware wurina kusa da mijina, da kaina na auna shi. Ka gaya wa yarinyar nan ta sake lissafi."

Ga shi na gaya miki.

Ba raina aikinki nake yi ba. Amma shekara talatin na yi ina koyar da tarihi, na san Masarawa sun zauna da Nilu dubban shekaru da igiya da sanda kawai, ba su tashi matattunsu ba. Yau kogin da ke cikin kwamfuta, wanda bai taɓa jiƙa wa kowa wando ba, shi zai ce mahaifiyata ta tattara ta koma gari? Kin tabbata, Noemie?

Baffanki,
Ovide


Delft
22 ga Mayu

Baffa,

Allah ya ba na dama haƙuri. Na karanta wa abokan aikina sanarwar, wani ya tambaya ko a al'adarmu da gaske ana zaman makoki irin wannan. Na ce sai in mai takalmin ya taɓa koyarwa.

Ina lafiya, sai mura da ta ƙi tafiya. A gaishe da Inna Eula da gwiwa, ina nan ina tambaya. Kuma i, burodi da cuku ne. Jiya na yi mafarkin miyar gumbo, na farka ina jin haushin kowa.

Bari in gaya maka yadda kogin kwamfutar yake, ka samu abin zagi da hujja. Mun yanka fadamar gaba ɗaya gida-gida, kamar idon koma, wajen gida dubu ɗari huɗu. Kowane gida mun gaya masa zurfinsa, da abin da ya tsiro a cikinsa, da yadda ƙasarsa take nutsewa a shekara. Sai mu buɗe ƙofar, mu zuba kogi, mu bar ruwa ya bi gangarensa yana ajiye yashi inda ya gaji, laka inda ya tsaya. Shekara goma tana ɗaukar kwamfutar kwana uku. Ba ta da wayo, Baffa. Abin da aka gaya mata kawai ta sani, sai dai ba ta mantuwa kuma ba ta jin tausayi.

Sau arba'in na maimaita. Na sa shekarun ambaliya, na sa na fari, na sa guguwa biyu, na cire su. Duk sau arba'in Tudu ya nutse, kuma dalili ɗaya ne. Ka san doguwar gaɓar karan nan da ke tsakanin bakin ƙofar da Tafkin Agwagi, wanda yake bayan Tudu. Ita take tare ruwan laka, sai ya karkata gabas. Tafkin ba ya samun ko cokali, igiyar ruwa kuma tana ta gatsar Tudu ta baya.

Ranar da na ga sakamako na farko na shiga banɗakin ofis na yi kuka, na wanke fuska na dawo na sa suna. Baba ne a wurin, ba sai an tuna min ba. Da na samu hanyar da zan sa wurin ya yi kore ba da ƙarya ba, da na yi.

Ka gaya wa Goggo Zulma na ji saƙonta. Ka gaya mata a hankali, in an ajiye wuƙa.

Tambaya ɗaya. A ina takalmin ya nutse? Ainihin wurin nake so, ba labari ba.

'Yarka,
Noemie


Bayou Sarcelle
6 ga Yuni

Noemie,

Muna lafiya. Ki sha lemon tsami da zuma don murar. Zulma ta ji bayaninki, ta ce gida dubu ɗari huɗu amma ba a samu ɗaya na Alcee ba.

"Ba labari ba." Sau uku na karanta wannan layin, na cire tabarau na goge na sake karantawa, bai canza ba. Ni da na ba ki labarin yaƙe-yaƙen duniya kaf kina kan cinyata, har kika yi min amai a tsakiyar faɗuwar Rum, yau ni ake gargaɗi da labari. Na gode. Tunda gajeriyar amsa ake so: takalmin ya nutse a Louisiana, cikin ruwa, ta ƙasa.

Abin mamaki, ba ke kaɗai kika tambaya ba. Wilfred Pitre ya zo ranar Lahadi bayan coci, hula a hannu, wai ya zo ta'aziyya. Kin tuna shi, mai jirgin nan kore. Shekara talatin yana bin bayana a ruwa yana son sanin inda nake kamo jan kifi masu tsawon hannu. Sau ɗaya na bar shi a kan tudun yashi har ruwa ya dawo.

"Ovide," ya ce, "ni fa ina da ƙugiya doguwa. Faɗa min wurin kawai, in je in ciro maka shi. Maƙwabtaka ce."

Na ce, "Wilfred, Allah ya saka. Mamacin ya bar wasiyya kar a tone shi."

Ya sha kofi biyu ya tafi. To ki duba irin mutanen da kika shiga sahunsu.

Game da idon komarki, na fahimta, har ya burge ni. Sai dai na lura duk mai zana taswira tun zamanin da, in ya zo inda bai sani ba, ko ya zana dodo ko ya shafa shuɗi. Takardar sa hannun tana kan firiji, ƙarƙashin kwanon ayaba. Ban taɓa ta ba.

Baffanki mai labari,
Ovide

Noemie, Eula ce. Ya ba ni in liƙe ambulan. Ya ce kar in faɗa miki komai, shi ya sa nake rubutawa. Shekara talatin da huɗu ina wanke masa baƙar laka mai wari. Wadda ta zo a safar nan ruwan kasa ce, kamar kofi da madara, kuma da tsakuwa-tsakuwa a hannu. Sau uku na wanke. Ban san ko yana da amfani ba. Gwiwa ta tashi kuma.


Delft
19 ga Yuni

Baffa,

Ina gaisuwa. Mura ta tafi. Inna Eula, sannu da gwiwa, kuma na gode.

Laka ruwan kasa mai tsakuwa lakar kogi ce, sabuwa. Kai kuma ba ka zuwa gabas, da bakinka ka ce wurin na 'yan yawon buɗe ido ne. Ke nan akwai lakar kogi a yammacin gaɓar kara, inda kwamfutata ta ce ba za ta taɓa zuwa ba. A hotunan sama ma na sha ganin Tafkin Agwagi ya yi duhu-duhu, muka ce iska ce take tayar da ƙasa.

Na nemo littafin masu awon da suka auna fadamar shekara huɗu da suka wuce. Sun rubuta cewa ba su shiga gaɓar ba, domin ɗan gari da ya yi musu jagora ya tabbatar musu babu mashiga, kara ne da sauro. Sunan ɗan garin O. Cheramie, kuma O. ɗaya na sani a gidanmu.

Baffa, wani ya yi wa kwamfutata ƙarya. Ta ina ruwa yake shiga tafkin?

Noemie


Delft
25 ga Yuli

Baffa,

Ina fata kowa lafiya. Sati biyar ke nan ba wasiƙa. Sau huɗu na kira, Inna Eula tana cewa kana wanka. Ban san ka da tsafta haka ba.

Na sake karanta abin da na rubuta maka, na ga ya yi kaifi. Ina jin kuma ba shi kaɗai ba ne. Ina jin tun farko abin da ke ranka shi ne 'yar Clovis ce ta sa hannu a takardar da za ta tashe shi, ta yi hakan daga wata ƙasa, ƙafarta a bushe. Wataƙila masu awon ne suka rubuta ba daidai ba, wataƙila lakar daga wani wuri ka kwaso. Ka yafe min.

Saura kwana ashirin da ɗaya. In ba wani sabon abu, ka sa hannu. Gara Baba bayan gidan mai da Baba a cikin teku. Zan zo a Nuwamba in tsaya kusa da Goggo lokacin da za a ɗaga Alcee.

'Yarka,
Noemie


Bayou Sarcelle
3 ga Agusta

Noemie 'yata,

Lafiya muke, kuma na fito daga wanka.

Ba fushi nake da ke ba, ki cire wannan daga ranki yau. Kunya ce, kuma a shekaruna ta fi fushi daɗewa. Zauna, labari zan ba ki, kuma wannan karon shi ne ainihin wurin.

Kakanki Theophile yana tarkon ɓerayen fadama don fata. Zagaye gaɓar kara yana cin masa rabin yini, sai ya ɗauki shebur ya haƙa 'yar hanya ta cikinta, faɗin kwalekwale ɗaya, daga wannan gefe har Tafkin Agwagi. Kara ya haɗe ta sama, jirgin sama ba ya ganinta. Bakinta kuma akwai damin busasshen kara da muke ɗaurewa kamar ƙyaure. Muna kiranta Lungu. Da kasuwar fata ta mutu sai aka ga inda Lungu ya faɗa tafki nan jan kifi suke taruwa. Ranar da kowannenmu ya cika sha biyu, ni da mahaifinki, Baba ya ɗora hannunmu a kan filafili ya rantsar da mu: ba mata, ba maƙwabta, ba hukuma, sai ɗa namiji. Clovis ke kaɗai ya haifa, ni ban haifa ba. Na ɗauka da ni za a binne zancen.

Da masu awon suka zo, na zagaya da su ta nesa, na ba su kofi, na yi musu ƙarya da fuskar malamin makaranta. Na zaci taswira za su buga Pitre ya saya. Wallahi ban san ke za a kai wa ƙaryar ba. Sai da wasiƙarki ta zo na gane cewa shuɗin da nake zagi da hannuna aka shafa shi.

To me ya hana ni amsawa? Rantsuwa. Ki yi dariya. Sati biyar ina zagaye firiji.

Ranar Laraba na je wurin Zulma, na ce ina neman shawara ga wani abokina. Na ce, a ce mutum ya yi wa mahaifinsa alkawari a kan wani wuri.

"Lungun Baba kake nufi?"

Kofi ya zube min a wando.

"Wa ya gaya miki?"

"Wa ya gaya min! Wa kake tsammani yake kai masa abinci yana haƙa? Ni da Mama muka kwashe rabin ƙasar da bokiti, ina 'yar shekara goma, kai ko haihuwarka ba a yi ba. Duk matan gidan nan sun sani. Eula ma ta sani."

"Amma ba ku taɓa cewa komai ba."

"Mun ga kuna jin daɗin abin. Ku dawo da kifi kuna ƙyafta wa juna ido kamar ɓarayin kaji. Da na san ramin nan kwamfutar yarinya take nema, da tuni na aika mata."

Na ce ai rantsuwa rantsuwa ce. Ta ajiye cokali.

"Ovide, don kifi Baba ya rantsar da ku. Yanzu shi ne kwance a Tudu ruwa yana lasar ƙafarsa. Je ka tambaye shi, kifi yake so ko busasshen gado."

Ban je na tambaye shi ba. Na san muryarsa.

Jiya Asabar na shiga Lungu da Eula, da gora mai alama da littafi. Da muka isa ƙyauren ta ce min in yi hagu kaɗan. Ga abin da muka samu. Bakin da yake ƙafa uku a da yanzu ƙafa tara ne, tun da aka buɗe ƙofar kogi ruwa yake cinsa, ni kuma ina ta ƙara dami ina ce wa kaina ba komai. Zurfi ƙafa biyar a tsakiya. Ruwan yana gudu har sai an riƙe kara. Inda ya faɗa tafki, wurin da gorata ba ta taɓa ƙasa a da, yau iya gwiwa ne. A nan na sauka ciro tarkon ƙaguwa, a nan marigayi ya tsaya. Na zana miki komai a bayan takarda, awo ashirin da biyu.

Ba lokacin gidan waya. Eula za ta ɗauki hoton wasiƙar nan da wayarta ta tura miki. An wulaƙanta rubutuna, amma na cancanta.

Baffanki,
Ovide


Delft
11 ga Agusta

Baffa,

Lafiya lau nake, har na fi haka. Inna Eula ta kai wannan saƙo ɗakin karatu a buga maka a takarda, na san ba za ka karanta a waya ba.

Kar ka sa hannu.

Na saka Lungu, gida sittin da ɗaya kacal cikin dubu ɗari huɗu. Na ari kwamfutocin duk wanda ya tafi hutu, na samu maimaici goma sha biyu. A tara Tudu ya tsaya kore. A uku ya nutse, duka ukun kuma da babbar guguwa a shekarun farko. In an ƙara wa Lungu zurfi kaɗan, abin ya fi haka kyau. Wannan ba alkawari ba ne, Baffa, kar ka gaya wa Goggo alkawari ne. Amma daga babu cikin arba'in zuwa tara cikin sha biyu, shugabar aikinmu ta yarda mu rubuta wa gunduma a ɗage kwashewar, a sake awo. Takardar ta tafi jiya. Shugabar ta ce in gaya maka awonka ya fi na wasu masu digiri tsafta. Ban so faɗa maka ba.

Ga ɗacin. Dole Lungu ya hau taswirar da kowa zai gani. Kuma abin da zai ceci Tudu shi zai cike tafkin. Ruwan daɗi zai kori jan kifi, bayan 'yan shekaru wurin da kake jefa ƙugiya ciyawa ce. Ba yadda za a samu duka biyun, na gwada.

Ni ma ina da abin faɗa. Ina shekara takwas Baba ya kwantar da ni a cikin kwalekwale, ya rufe min fuska da hularsa. Na ji kara yana goga gefe, duhu ya yi, sai haske, sai ya ce tashi. Na kama kifin da ya kusa tsawona. A hanyar dawowa ya sake rufe ni, ya ce, "In ba ki gani ba, ban faɗa ba." Ban taɓa sanin ina ne ba. Na girma ina tsammanin mafarki na yi.

Ke nan kai kaɗai ka riƙe rantsuwar nan, Baffa, shekara arba'in da bakwai. Ya kamata a ba ka wani abu.

'Yarka,
Noemie


Bayou Sarcelle
2 ga Nuwamba

Noemie 'yata,

Muna lafiya. Gwiwar Eula tana nan yadda kika bar ta, wato ya danganta da wanda ya tambaya. Na ji dalilinki na ɗage zuwanki sai bazara, lokacin cikar kogi. Kin fi son ganin laka da ganinmu, ba komai, gadon gida ne.

Kin san gunduma ta ɗage shekara uku, za a riƙa awo duk bazara. Abin da ba ki sani ba, ni suka ɗauka jagora. Na tambayi jami'in ko ya karanta tarihina. Ya ce ya karanta, shi ya sa za su zo da Eula.

Jiya aka yi Ranar Tsarkaka. Jirgi shida muka tafi Tudu da farar ƙasa da buroshi da furanni. Na shafe kabarin Baba da na Mama, na shafe na Clovis sau biyu, na kuma gaya masa abin da nake tunani game da hularsa. Ba zan ɓoye miki ba, ruwa yana nan taku huɗu daga kabarinsa, inda yake bara. Bai ja baya ba. Bai kuma matso ba, karo na farko tun da na fara lura. Fada, limamin cocinmu, ya yi addu'a ya yayyafa ruwa, Zulma ta ce masa a rage, ruwa ne matsalarmu. Ta sa aka kafa mata kujera a kan wurinta kusa da Alcee, ta zauna ta ci ƙaguwa da gishiri a gaban kowa.

Taswirar ta fito tun Satumba. Washegari da asuba Pitre yana cikin Lungu. Ya yini, ya dawo ya same ni a bakin gada, ya ɗaga min abin da ya kamo.

"Shekara talatin, Ovide. Shekara talatin ina binka. Tarwaɗa?"

Na ce, "Ka makara da shekara biyu, Wilfred." Har yau yana jin akwai wani Lungun na biyu da nake ɓoyewa. Ban ƙaryata ba. Mutum yana buƙatar abin yi.

Ni ma ban kama jan kifi a wurin ba tun Yuli, kuma ina kewarsu fiye da yadda zan faɗa a gaban mata. Amma a dawowa jiya na bi ta inda marigayi yake. Ruwan bai kai idon sawu ba, kuma wata ciyawa ta fito, siririya, guda goma sha ɗaya. Na ƙirga, Eula ta sake ƙirgawa don ba ta yarda da ni ba kuma. Na kafa turke a wurin, na ƙusance na dama a kansa, su zauna kusa da juna. Duk wata zan auna in aiko miki, lamba zalla, ba labari.

A watan Mayu na ce kogin kwamfutarki bai san komai ba. Ya san abin da na gaya masa, bai rage ba, bai ƙara ba. Ni na yi kuskure. Na rubuta sau ɗaya, kar a karanta wa abokan aiki.

Baffanki,
Ovide